Shari'ar Manoman Amish: An Ji Ta Bakin Iyaye, Ba A Ji Ta Bakin Yara Ba



Kwanan baya bayan sallar isha'i gardama ta kaure a bakin masallaci. Wani ɗan'uwa ne ya cire ɗansa daga lakwal yana aji huɗu. Da aka yi masa magana sai ya ce ɗansa ne, shi ya haife shi, shi ke ciyar da shi, babu mushe ko daraktan da zai gaya masa inda zai kai shi. Nan wani matashi mai ɗan karatu ya tsoma baki ya ce: "Ai baba yana da gaskiya. Ko a Amurka kotun ƙoli ta yanke cewa uba na da ikon hana ɗansa zuwa makaranta saboda addini." Wasu suka yi kabbara, wasu suka ce ƙarya ce. To ba ƙarya ya yi ba, an yi wannan shari'a. Sai dai rabin labarin ya kawo, shi ya sa muka ga ya dace mu baje hukuncin a tabarma mu duba shi, inda ya yi daidai mu faɗa, inda ya gaza mu faɗa.

Amish wata ɗariƙa ce ta Kirista da ta samo asali a yankin Suwizalan wajen 1693, ƙarƙashin wani malaminsu Jakob Ammann. Tsangwama ta sa suka yi hijira zuwa Amurka, suka zauna suna noma da kiwo da sassaƙa. Masu tsananin riƙo a cikinsu har yau da keken doki suke tafiya, ba su jawo wutar lantarki gidajensu, tufafinsu kuma babu ado. Suna da aƙidar nisantar duniya da ƙyale-ƙyalenta.

Dokar jihar Wiskonsin a lokacin ta wajabta wa iyaye su bar yaro a makaranta har ya cika shekara 16. A 1968 wasu magidanta uku, cikinsu har da Jonas Yoder wanda shari'ar ta ɗauki sunansa, suka ƙi mayar da ƴaƴansu bayan sun gama aji takwas. Yaran shekarunsu 14 da 15. Hujjar iyayen ita ce makarantar gaba da firamare tana koya wa yaro gasa da son a san shi da kwaɗayin abin duniya, tana kuma raba shi da gida daidai shekarun da yake yanke shawarar ko zai riƙi addinin iyayensa. Aka gurfanar da su, aka ci kowannensu tarar dala biyar. Dalar Amurka fa, kada wani ya ɗauka dala biyar tamu ta sefa ce. Kuɗin dai ba wani abu ba ne, amma suka ƙi yarda sun yi laifi. Magana ta yi ta hawa har kotun ƙolin Amurka, wadda ranar 15 ga Mayu 1972 ta ba iyayen gaskiya. Babban alƙali Warren Burger ne ya rubuta hukuncin.

Abin da hukuncin ya tsaya a kai mai kyau ne, kuma yana da tarihi a bayansa. A 1919 jihar Nebraska ta hana a koyar da ƙananan yara da wani harshe in ba Ingilishi ba, saboda ƙiyayyar Jamusawa da yaƙin duniya na farko ya bari. Aka kama wani malami Robert Meyer yana karanta wa yaro ɗan shekara goma labarin littafinsu na addini da Jamusanci, aka ci shi tara. Kotun ƙoli ta rushe dokar a 1923. Ku ɗalibai ku auna da kanku: a ce an wayi gari an hana karantar da Larabci ga duk wanda bai gama firamare ba. A 1922 kuma jihar Oregon ta yi dokar cewa duk yaro daga shekara 8 zuwa 16 sai makarantar gwamnati kawai. Ƙungiyar nan ta masu wariya, Ku Klux Klan, tana cikin waɗanda suka mara wa dokar baya, kuma kowa ya san makarantun ƴan Katolika aka nufa. Wasu mata masu hidimar coci suka kai ƙara, a 1925 kotu ta ce yaro ba kayan gwamnati ba ne, masu renonsa suna da haƙƙi a kansa wanda ke tafe tare da babban wajibi na shirya shi ga rayuwa. Ku riƙe wannan kalma ta wajibi, za mu dawo kanta.

Duk wanda ke ganin gwamnati ba ta da son rai a harkar makaranta bai karanta tarihi ba. Masu rubuta sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1948 suna tune da yadda mulkin Hitila ya mayar da makarantu wurin cusa wa yara aƙidarsa, shi ya sa a sashe na 26 suka sa cewa iyaye ke da fifiko wajen zaɓen irin ilimin da za a ba ƴaƴansu. Mu ma kakanninmu da suka riƙa ɓoye yara a rumbu in an zo ɗibar ƴan lakwal zamanin Nasara, ba jahilci kaɗai ke ɗawainiya da su ba, sun ga makarantar da aka kafa don ta samar wa mai mulki tafinta da magatakarda. Kuma abin bai wuce ba. A Faransa, dokar 24 ga Agusta 2021 ta mayar da koyar da yaro a gida abin da sai an nemi izini, alhali da can sanarwa kawai iyaye ke yi. Dalilan da ake karɓa ƙidayayyu ne, kamar rashin lafiya ko nisa da makaranta, kuma addini ba ya cikinsu.

Musulmi ma sun ci gajiyar hukuncin Yoder. A jihar Merilan hukumar makarantun wata gunduma ta shigar da littattafan labarai masu zancen auren jinsi da sauya jinsi cikin karatun ƙananan yara, da farko ta yarda iyaye su janye ƴaƴansu daga darasin, daga baya a 2023 ta soke wannan dama. Iyaye Musulmi da Kirista suka haɗu suka kai ƙara. Ranar 27 ga Yuni 2025 kotun ƙoli, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta ce a sanar da iyaye a kuma ba su damar janye yaransu, kuma a kan hukuncin manoman Amish ta dogara. Wannan shari'a sunan Musulmi take ɗauke da shi, Mahmoud. Abin lura a nan: inuwar da wannan Musulmi ya sha, malamin coci ne da matan Katolika da manoman Amish suka dasa itacenta. In mun yi murna da haka, to ranar da maƙwabcinmu Kirista a nan garin ya ce ba ya so a sa ɗansa cikin darasin addininmu, ba mu da bakin cewa ya cika tsirfa.

To ina hukuncin ya gaza? Wuri biyu.

Na farko, Burger ya ɓata shafuka yana yabon Amish. Mutane ne masu bin doka, masu aiki tuƙuru, shekara kusan ɗari uku suna riƙe da kansu, ba su karɓar tallafin gwamnati. Har ya ce hujjar da suka kawo, ƙalilan ne cikin ƙungiyoyin addini za su iya kawo irinta. Mai karatu zai ji daɗin yabon, amma in ya natsu zai ga tarko a ciki. Ashe ke nan haƙƙin ya zama lada ce da alƙali ke ba mutanen da suka burge shi. Manomi fari mai keken doki yana tuna wa Ba'amurke kakanninsa, sai zuciyarsa ta yi taushi. Baƙon da ya zo jiya, mai rawani ko mai lulluɓi, wanda ba shi da shekara ɗari uku a ƙasar, da me zai burge alƙali? Alƙali William Douglas ya taɓo wannan a ra'ayinsa, ya ce addini addini ne ko mabiyansa suna da tarihin laifi ko ba su da shi. Muna tare da shi a nan. Da kotu ta tsaya kan tambaya guda, wato me yaron zai samu a hannun iyayensa a maimakon abin da makaranta za ta ba shi, da ma'aunin ya zama ɗaya ga kowa.

Na biyu shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Shari'a ce a kan rayuwar yara uku, amma ɗaya ce kawai ta ba da shaida, ƴar Yoder, wadda ta ce saboda addininta ne ba ta son ci gaba. Sauran biyun ba a kira su ba. An saurari iyaye, an saurari lauyoyin jiha, an saurari wani farfesa masanin al'adun Amish, su kuwa masu abin suna gida. Burger ya ce ai iyaye aka gurfanar, kuma babu wata shaida da ta nuna yaran sun saɓa wa iyayensu. To yaya shaida za ta fito daga bakin da ba a tambaya ba? Douglas ya yarda da hukuncin a kan Yoder tunda ƴarsa ta yi magana, amma ya ƙi yarda a kan sauran biyun. Ya ce mai yiwuwa yaron yana son ya zama makaɗin fiyano, ko ɗan sama jannati, ko masanin teku, kuma in an rufe masa ƙofa yanzu ta rufu ke nan.

Mun san abin da dattawanmu za su ce: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Haka ne, kuma ba mu ce a miƙa wa ɗan shekara 14 ragamar gida ba. Jin ta bakin yaro daban, bar masa hukunci daban. Uban da ya zaunar da ɗansa ya ce "kai wane, me kake so, me ke damunka a makarantar nan?" bai rage komai daga girmansa ba, kuma sau da yawa a nan ne zai gano cewa yaron na da kai irin wanda ba a samu kullum, ko kuma dukan wani malami ne ya sa ya tsani karatun.

Akwai kuma wani lissafi da Burger ya yi cikin sauƙi. Ya ce ko yaron ya bar Amish daga baya, sana'ar hannu da riƙon amana da ya koya za su ishe shi neman abinci. Wataƙila a Amurkar 1972, lokacin da masana'antu ke ɗibar ma'aikata. Amma neman abinci ba shi kaɗai ake nema da ilimi ba. Su Amish ɗin nan in ciwo ya yi tsanani asibiti suke zuwa, wurin likitan da iyayen wasu suka bari ya yi karatu. Al'umma ƴar kaɗan a cikin ƙasa mai arziki tana iya rayuwa haka, ta jingina da ilimin maƙwabta. Mu da muke mafi rinjaye a garuruwanmu, da wa za mu jingina? Ko cikinmu nan akwai mai rantsuwa cewa namiji ba zai duba matarsa a asibiti ba, sai mace, alhali ƴaƴansa mata uku ya cire kafin su gama firamare. Ita likitar daga gidan wa za ta fito? Imamul Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai yin su kowa ya shiga laifi.

Yanzu mu koma kan matashin nan da ya ce kotu ta ba uba ikon hana ɗansa makaranta. Ga rabin da ya bari. Yaran Amish shekara takwas cur suka yi a aji. Sun iya karatu da rubutu da lissafi, iyayensu da kansu suka ce suna son wannan, don yaro ya karanta littafinsu na addini, ya iya ciniki da mutanen gari. Rigimar duka a kan shekara ɗaya ko biyu ce ta ƙarshe. Kuma da suka bar aji, gona suka koma da wurin sassaƙa da madafa, a gaban iyayensu, suna koyon sana'ar da za su rayu da ita, suna kwana a ɗakin uwarsu da cikinsu a ƙoshe. Alƙali Byron White, wanda ya goyi bayan hukuncin, ya rubuta ƙarara cewa da iyayen cewa suka yi addininsu ya hana yaro shiga kowace makaranta sam, da maganar ta sha bamban a wurinsa.

Ita wannan kotun kuma tana da wani hukunci na 1944 da masu kawo Yoder ba su cika ambata ba. Wata mata mabiyar Shaidun Jehobah a jihar Masacusets ta fita da yarinya ƴar shekara tara da take riƙo, da dare, suna tallar mujallun addininsu a bakin titi. Aka kama ta da laifin sa yarinya aiki. Ta ce ibada ce, kuma ita ke da iko da yarinyar. Kotu ta ce a'a: babba na iya sadaukar da kansa don aƙidarsa, amma wannan bai ba shi damar sadaukar da yaron da bai kai munzalin zaɓa wa kansa ba. Wanda zai ɗauko mana hukuncin 1972 daga Amurka, to ya haɗo da na 1944, ya karanta shi a gaban duk mai tura ƴarsa talla tasha har bayan magariba, da mai aika ɗan shekara bakwai wani gari da ƙoƙo ba tare da guzuri ba. Ko sanarwar 1948 ɗin, a cikin sashe na 26 da ya ba iyaye fifiko, a nan ne aka ce karatun firamare tilas ne. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990, wadda Nijar ta amince da ita, ta kare ikon iyaye na zaɓar wa ƴaƴansu makaranta, ta kuma hana sa yara bara kowace iri. Tsohon kundin tsarin mulkinmu na 2010 ma, a sashe na 23, haƙƙi da wajibi ya ambata a jere game da renon yara da ilimantar da su.

Mu kam ba sai mun je Wiskonsin ba kafin mu san wannan. Ɗalibanmu da suka kai babin hajru da wasiyya sun san cewa waliyyin yaro ba ya taɓa dukiyar yaron sai ta hanyar da za ta amfane shi, in kuwa ya shiga ɓarna alƙali na da ikon karɓe ta daga hannunsa. Tunkiyar maraya ke nan shari'a ta tsare haka. To shekarun yaro daga bakwai zuwa goma sha biyar, waɗanda in sun wuce ba kasuwar da ake sayo su, su ne za a ce uba ya yi yadda ya ga dama da su? Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani don a karantar da yara ya wallafa Risala. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Waliccin uba a fiƙihunmu an gina shi ne a kan maslahar yaro, yana ƙarfi gwargwadon yadda yake tsare ta.

Ba za mu rufe ido ga kukan ɗan'uwanmu ba, don yana da hujja. Ya ce shekara huɗu yaron na zuwa lakwal, har yau bai iya haɗa baƙi ba, ajin cike maƙil, yau yajin aiki gobe mushe bai zo ba, karatun kuma da harshen da ba a yi a gida. Wannan duk mun gani da idonmu, kuma gwamnatin da ke tilasta wa uba ya kawo ɗansa, wajibinta ne yaron ya tarar da karatu in ya zo. Uba na da cikakken iko ya ce wannan makarantar ba ta yi masa ba. Yana iya mayar da shi madarasar faranko-arab, irin wadda aka fara buɗewa a Say tun 1957 saboda iyaye masu irin wannan damuwa. Yana iya haɗa masa allo da asuba, lakwal da hantsi. Yana iya shiga ƙungiyar iyayen yara ya tayar da ƙura har a gyara. In ma sana'a ya zaɓa masa bayan ya iya karatu da lissafi, to a san wurin wa, a san me zai iya bayan shekara uku.

Shi ya sa da gardama ta lafa a daren nan, liman bai ce masa komai game da Amurka ba. Cewa ya yi: "Malam, mun ji ka cire shi. To ina ka sa shi?" Ɗan'uwan ya ce yana nan dai yana taya shi ƴan aike-aike kafin a ga abin da Allah zai yi. Liman ya sake tambaya: "Shi yaron fa, ka ji ta bakinsa?" Ya yi shiru, can ya ce bai tambaye shi ba. An tsayar da magana a kan zai zo da yaron ranar Alhamis bayan la'asar, a zauna da malamin madarasa a gwada karatunsa, a ji kuma abin da shi yake so.